Ɓaure Mai Ruwa Biyu da Da'awar Kuɓuta Daga Cuta

Tun da sha'awar dasa itatuwan marmari ta shiga zukatan ma'abota lambuna, ba wuya mutum ya ji mai sayar da dashe yana yabon hajarsa, yana cewa wannan ɓauren nasa mai ruwa biyu ne, an haɗa iri da iri aka same shi, saboda haka cutar dabbare-dabbaren ganye ba ta kama shi har abada. Ɓauren da ake nufi a nan ba namu ba ne na bakin fadama, ko da yake zuriyarsu ɗaya da shi da ceɗiya da durumi da gamji. Wancan ne mai taushi da zaƙi wanda Larabawa ke kira tin, wanda Turkiyya ta fi kowace ƙasa nomansa, Masar da Maroko da Aljeriya kuma suna cikin manyan masu biye mata. A ganina wannan da'awa tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, kuma wajibi ne a sauke shi kafin talaka ya zuba dukiyarsa.

Ita wannan cuta, alamarta ita ce ganye ya yi tabo-tabo, kore da rawaya a cakuɗe, wani lokaci ya murɗe ya ƙanƙance, 'ya'ya su yi zane, wasu su zube tun ba su nuna ba. Malamai biyu na Kalifoniya ta Amurka, Ira Condit da W. T. Horne, su ne suka fara bayaninta a rubuce cikin 1933. A 1955 aka tabbatar cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke yaɗa ta, dangin kaska, wanda ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Amma ita kanta ƙwayar bairos ɗin da ke haddasa ta ba a gane ta ba sai a 2009, lokacin da masu bincike na birnin Bari a Italiya da wasu na Kalifoniya suka fito da siffarta. Shekara saba'in da shida ke nan tsakanin ganin alama da sanin musabbabi, kuma galibin hukuncin da aka yanke wa wani iri a tsakanin nan, cewa yana kamuwa ko ba ya kamuwa, da kallon ganye kawai aka yanke shi.

To, a nan maganar take. Ɓaure ba da ƙwaya ake yaɗa shi ba bisa al'ada, reshe ake yanka a kafa, ko a yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Idan kuwa uwar tana ɗauke da cutar, lalle reshen ya gaje ta, shi ma ya gadar wa na bayansa, har a kai ƙarni bayan ƙarni, shi ya sa da ƙyar ake samun ƙasar da ake noman ɓaure ba a sami wannan cuta ba. Amma wannan bairos ba ya bin ƙwayar iri. Duk tsiron da ya fito daga ƙwaya da tsarkinsa daga wannan bairos yake fitowa, alhali kuwa kowane iri mai ruwa biyu daga ƙwaya yake soma rayuwarsa, domin ba wata hanyar haɗa jinin iyaye biyu sai ita. Saboda haka idan aka ga sabon iri ganyensa garau, mai yiwuwa ne ƙarfin jini gare shi, mai yiwuwa ne kuma ƙwaron bai riske shi ba tukuna; wanda ya ce ya rarrabe waɗannan biyu da ido tsirara, ya bi zato ya kira shi yaƙini.

Akwai kuma hali na uku, watau itacen da ya kamu amma ya daure, yana ba da 'ya'ya, ganyensa yana ɓoye abin da ke cikinsa matuƙar ya sami ruwa da taki. Masana aikin gona na Jami'ar Kalifoniya sun daɗe da lura cewa irin da ake kira Black Mission shi ya fi jin jiki, Kadota da Calimyrna kuwa cutar ba ta yi musu illa sosai. Mai dauriya alheri ne ga mai lambu, ba shakka, sai dai rumbun cuta ne ga maƙwabtansa.

Ban ce babu gaskiya a maganar masu ruwa biyu ba. Akwai wani ɓauren daji, Ficus palmata a bakin masana, wanda ke tsirowa tun daga tuddan Indiya da Nepal, ya ratsa ƙasar Larabawa, har Habasha da Sudan. Waɗannan masana na Jami'ar Kalifoniya sun rubuta cewa shi, da itatuwan da shi ne ubansu, ga alama cutar ba ta kama su. A lura da lafazinsu, ga alama suka ce, kuma wannan ladabi ne na malanta wanda ɗan kasuwa yakan yar a hanya. Sa'an nan 'ya'yan ɓauren dajin ƙanana ne, ba su kai na lambu ba, sai an sake mayar da zuriyarsa ga ɓauren gida sau da dama kafin a sami abin kai wa kasuwa, kuma a kowane mayarwa akwai tsoron abin da ake nema ya salwance. Bugu da ƙari, bincike ya tono ƙwayoyin bairos wajen goma a jikin ɓaure, har da wata da aka samu ta shige cikin ƙwayoyin gadon itacen kansa. Wanda ya tsira daga ɗaya bai zama ya tsira daga saura ba.

Manomin rogo a ƙasarmu ya san irin wannan labari ko da bai san sunayen mutanen ba. Shi ma rogo da kara ake shuka shi, shi ma yana da cutar dabbare-dabbare, farin ƙuda ke yaɗa ta. A Amani ta Tanganyika, cikin shekarun 1930, aka soma haɗa rogon gida da wani ɗan'uwansa na daji wanda ba ya yin saiwar kirki, aka yi ta mayarwa ana zaɓe, har zuriyar ta iso Ibadan, inda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da aka kafa a 1967 ta fitar da irin su TMS 30572 wanda ya bazu a gonaki. Abin da ya sa aka amince da wannan rogo shi ne an shuka shi a tsakiyar cuta da gangan, shekara da shekaru, an ga abin da ya yi. Ɓaure itace ne mai jinkiri, masu kiwon irinsa kaɗan ne, kuɗin bincikensa bai kai na rogo ba, don haka mafi yawan abin da ke yawo da sunan mai juriya bai shiga irin wannan jarrabawa ba.

Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗin lafazinta, sai sun tambayi isnadi, wa ya faɗa, daga wa ya ji. Haka ya kamata mai sayen reshe ya yi, ya tambayi uwar da aka yanko shi, da lambun da take, da shekarun da ta yi a cikinsa, in da hali ya je ya ga ganyenta da idonsa, har na cikin inuwa. Hukumomin da ke tsaron shigowar tsirrai a kan iyaka su ma suna da nasu haƙƙi, domin reshe ɗaya a jakar matafiyi ya isa ya shigo da cutar da ƙwaronta gaba ɗaya. Akwai hanyar tsarkake iri a ɗakin bincike, a gasa tsiron da zafi gwargwado, a ɗebi ɗan ƙanƙanen kan tohonsa a raine shi cikin kwalba, kuma jami'o'inmu masu sashen aikin gona ba za su gaza wannan ba idan aka ba su aikin. Sai dai tsarkakakken reshe ma yana iya sake kamuwa, don haka sabon dashe a ware shi nesa da tsofaffi, a yi masa feshin maganin ƙwaron, a bar shi ya ga damina da rani kafin a yanki reshensa a ba wani.