Da tsohuwar zuma ake magani

Shekara 3 ke nan ƙungiyarmu ta malaman makaranta masu wasan kwaikwayo a nan Gaya tana tara kuɗi, kowa da abin da ya sawwaƙa daga albashinsa, domin mu sayi motar da za ta riƙa kai mu ƙauyuka. Da kuɗin suka kai na zuwa kasuwa, sai taro ya rabu biyu. Ni da wasu ƙalilan muka ce a sayi wata tsohuwar Land Cruiser da ke hannun wani ɗan kasuwa a nan garin, fara, mai dogon baya, wadda ta doshi shekara 30 a duniya. Masu rinjaye suka kwashe da dariya. Wani abokin aikina da nake ganin girmansa ya ce: "Haba Malam! In muka shiga gari cikin wannan akwala, ai sai yara su zaci masu sayen fata ne suka zo." Su abin da ransu ya biya shi ne wata kat-kat mai baƙin gilashi da sanyi a ciki, wadda dillali ya nuna musu hotonta a waya, tana can tashar jirgin ruwa ta Lome. Ba a yanke magana ba tukuna, shi ya sa na kawo ta nan, don na san ƙungiyoyi da yawa na fama da irin wannan gardama.

Tambayar farko ita ce: ina motar za ta? In Doso ce ko Yamai, kwalta ce shimfiɗe, motar haya ta ishe mu. Mu kuwa Tanda za mu, da Tunuga, da Bengu, da Yelu, da ƙauyukan da ke bayansu cikin giginya da gonakin rake. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Da rani rairayi ne, da damina taɓon fadama. Hanya irin wannan ba ruwanta da baƙin gilashi.

Sai tambaya ta biyu: in ta lalace, wa zai gyara ta? Kamfanin Toyota ya fara fitar da wannan samfuri mai lamba 70 a 1984, kuma daga 1990 ya sa masa injin gazuwal da ake kira 1HZ, mai silinda 6 da lita 4,2. Inji ne da ba kwamfuta a cikinsa. Makanikenmu na bakin tasha yakan kara kunne ya gaya maka abin da ke damunsa, ya kwance shi a gindin bishiya, ya ɗaura kafin la'asar. Waccan mai ƙyalli kuwa kwamfuta ce ke ba injinta mai, kuma bututan feshin manta ba sa jure ƙura da man kwalba na bakin hanya. Ranar da wata ƴar fitila ta kunna kanta a gaban direba, sai a ɗora motar kan babbar mota a nufi Yamai, kusan kilomita 300, neman mai na'urar da za ta karanta ciwon. Da wane kuɗi? Da na wasan da ba a je an yi ba?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mutanen Gaya ne ke yi wa rogo kallon kitse. Shekara da shekaru muna tsaye muna ganin jerin gwanon motocin Kwatano suna ƙetare gadar Malanbil, wasu su tsaya a ƙasarmu, da yawa su zarce Najeriya. Mun ga waɗanda aka yi wa fenti jiya, mun ga waɗanda aka mai da agogon kilomitarsu baya. Mun san gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota, ta zo sama amarya, ƙasa tsatsa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Ashe ita ma mai ƙyallin tsohuwa ce, sai dai ba mu san inda ta tsufa ba, ba mu san a hannun wa ba. Sayenta daga hoto sayen kifi ne a ruwa.

Mun kuma ga yadda iyaka ke rufuwa dare ɗaya. Najeriya ta hana shigar da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Wanda motarsa ke jiran ƙaramin ƙarfe daga Turai ya san abin da wannan ya jawo masa. Kayan gyaran tsohuwar Land Cruiser kuwa ana samun su wajen masu sayar da na hannu, daga nan har Sakkwato da Kano.

Su waɗanda muke kwaikwayo fa? Tun da aka daina ƙera tsohon samfurin Land Rover Defender a Janairun 2016, masu kuɗin Turai ke rububin tsofaffinsa, haka ma tsofaffin Land Cruiser, suna biyan kuɗi mai yawa don su ajiye su kamar kayan tarihi. Samfurin 70 kuwa, shi ne motar da ƙungiyar Red Cross da likitocin MSF suka dogara da ita wajen ɗaukar marasa lafiya inda hanya ta ƙare. Abin da suke nema da kuɗinsu, shi muke kira akwala.

Kada a ce na mai da tsohuwar mota waliyyiya. Tana shan mai, tana hayaƙi, kujerunta na karya ƙugu, ba ta da jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, kuma a wannan zamani na rashin tsaro irinta na jan idon ɓarayi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka in za a saye ta, a je da makanikenmu, kada a yarda da na dillali. Ya kwanta ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa shasi, ya duba tsatsa da walda. A tayar da ita da sassafe injin na sanyi, a ga launin hayaƙinta. A sa mata giyar ƙafa huɗu a shiga rairayi da ita. A gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takardar mota, a nemi takardar duwan, a tabbata mai sayarwa shi ne mai ita. Sannan a ware wani kaso na kuɗin don tayoyi da gyaran farko. In ta kasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ni zan fara cewa a bar ta.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ƴan uwa malamai: gardamar nan ta kunya ce. So muke a gan mu kamar ma'aikatan wani furoje, a buɗe mana ƙofa, a ce manya sun iso. Mu ne muke hawa dandali muna yi wa ɗan ƙarya ba'a, mai babbar riga ba hatsi a rumbu, jama'a na tafi. Mu ne muke gaya wa ɗalibai cewa ilimin makaniken da bai zauna aji ba shi ma ilimi ne. To, me ya sa ranar sayen mota muka manta? Kuɗin nan na alli ne da maƙogwaro, in suka nutse cikin motar da za ta kwanta a ƙofar gida kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ba wanda zai sake ba da ko dala, ƙungiyar ma ta watse ke nan.

Ga shawarar da zan kai taro mai zuwa. A jira ruwa ya sauka sosai, a ɗora labule da ganguna da ƴan wasa, a kama hanyar Tunuga da kowace mota da ake son saye. Wadda ta kai mu ta dawo da mu, ita za a biya. Ta cikin waya, in tana iya zuwa gwajin, bisimilla. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya sa mu gane.