Gidan burodin unguwa a Hong Kong: ƙwai, gari da kuɗin haya

A wannan mako za mu leƙa kudancin ƙasar Sin, wajen masu gidajen burodi na unguwa, irin waɗanda faɗinsu bai wuce na shagon tela ba amma ƙamshinsu ya cika titi. Sarkin hajarsu wani ɗan gato ne da suke kira dan tat. Girmansa kamar masa ɗaya ne: ɗan kwano na ƙullin garin alkama, an cika shi da ruwan ƙwai da sukari da madara, an gasa har ya yi rawaya yana sheƙi. Da zafinsa ake cin sa, galibi a tsaye bakin shago.

Dan tat bai daɗe a duniya ba. A birnin Guwanzu, wanda Turawa ke kira Kanton, ya ɓullo cikin shekarun 1920, lokacin da manyan kantuna ke gasar jawo masu saye da sabbin kayan maƙulashe, masu dafuwarsu suka kwaikwayi wani gaton ƙwai na Ingilishi suka sake masa hannu. Cikin shekarun 1940 ya ƙetara Hong Kong. Can ma sai da ya yi zamansa a gidajen abincin masu hali kafin ya sauko gidajen shayin talakawa, inda lebura da ɗan ofis ke zama teburi guda. A shekara ta 2014 hukumar Hong Kong ta sa sana'ar yin sa cikin jerin al'adun gadon birnin.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ido ke gani. Ɓawon iri biyu ne. Akwai mai gardi kamar biskit, wanda ake kwaɓawa da man shanu. Akwai mai falle-falle, wanda ake haɗa ƙulli biyu, na ruwa da na mai, a naɗe, a murza, a bar shi ya huta, a sake naɗewa, har ya zama kamar shafukan littafi. Ruwan ƙwan kuma sai an tace shi, don kumfa ɗaya na ɓata fuskarsa. Ɓawo na son wuta, ƙwai na tsoronta: in ta yi yawa ya kumbura ya tsage, in ta yi kaɗan gindin ya zauna ɗanye. Kuma ba ya kwana da daɗinsa. Shi ya sa mai shago ba ya gasa na wuni gaba ɗaya. Tire-tire yake fiddawa, mutanen unguwa kuwa sun san lokacin fitowar kowane.

A gefensa akwai burodin abarba, wanda babu ko ɗigon abarba a cikinsa, zanen bayansa ne ya jawo masa sunan. Akwai gaton matar aure mai cikin kabewar ƙasarsu. Akwai gaton wata na bikin tsakiyar kaka, mai gwaiduwar ƙwan agwagwa da aka jiƙa a gishiri, wanda ake kai wa dangi da abokan ciniki. Maƙwabciyarsu Makawo kuma tana da nata dan tat mai ƙuna-ƙuna a sama, wanda wani Baturen Ingila, Andrew Stow, ya fara sayarwa a shekara ta 1989 bisa salon na Fotugal.

A nan sai mu ja hankalin alhazanmu masu zuwa Guwanzu sarin kaya. Ɓawon nan mai falle-falle, a girkin gargajiya da kitsen alade ake yin sa, haka ma da yawa daga cikin sauran gaton. Ganin ƙwai da madara a sama ba hujja ba ne. A tambaya, ko a nemi shagunan Musulmin ƙasar masu alamar halal, suna nan a birnin.

Abin da ya fi damun masu wannan sana'a kuwa, ɗan kasuwar Maradi ko na Damagaram ya san shi sarai. Ribar dan tat ɗaya ƙalilan ce, sai an sayar da ɗaruruwa kafin a ga kuɗi. Ba a iya tsawwala farashi, don na unguwa ne. Ba a kuma iya ƙaura nesa, don mai saye ba zai hau mota saboda ɗan gato guda ba. Jarin mai shago duka a ƙofar shagonsa yake, ƙofar kuwa ta wani ce.

Dubi gidan Tai Cheong, wanda aka buɗe a shekara ta 1954 a tsakiyar Hong Kong. Ya yi suna har Chris Patten, gwamnan Ingila na ƙarshe, wanda ya riƙe birnin daga 1992 zuwa 1997, yakan tsaya can ya ci dan tat a gaban ƴan jarida. Babu tallar da ta fi wannan. Amma sunan da shago ya yi, mai gini ma yana jin sa. A shekara ta 2005 aka ninka musu haya har ta wuce ninki, suka rufe a watan Mayu. Ranakun ƙarshe mutane suka yi dogon layi, ana ɗaukar hoto kamar ana rakiyar babban mutum. A ganinmu wannan layi bai biya hayar wata ɗaya ba, kuma abin takaicin shi ne ciniki bai taɓa yankewa ba: shagon da masu saye suka cika shi ne ya kasa zama wurinsa.

Cikin wannan shekara Tai Cheong ya sake buɗewa a titin nan dai. Daga baya wani babban kamfanin gidajen abinci ya sa hannu a cikinsa, rassa suka yawaita a Hong Kong, har aka buɗe wasu a Singafo. Sunan ya tsira, dan tat na fitowa da zafinsa, sai dai mai miƙo maka shi yanzu ma'aikacin kamfani ne da ke jiran albashin ƙarshen wata.