DANDALIN ƊAN KALLO: Bos ɗin da ba a kashe shi daga zaune

A wannan watan zan ɗauke ku daga lokeshin in kai ku gidan gem. Na san wani zai ce, "Haba Malam, me ya haɗa mujallar fim da wasan yara?" To, a yi haƙuri a biyo ni, in mun je gaba za a ga inda gizo ke saƙar.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata gardama da ta ɓarke kwanan baya a wajen hirar mu da wasu matasan marubuta labarin fim. Tambayar ita ce: wane bos ne ya fi kowane ban tsoro a duk abin da ka taɓa kallo? Wani ya ce Gabbar Singh, wato Amjad Khan a cikin 'Sholay' na 1975. Wani ya ce ina, ai Mogambo ne, Amrish Puri a cikin 'Mr. India' na 1987. Da aka zo kai na sai na ce Psycho Mantis. Wuri ya yi tsit. Can sai wani ya ce, "Yallaɓai, a wane fim ya fito? Na Indiya ne ko na Cana?" Na ce ba a fim ya fito ba, a gem ya fito, kuma shi kaɗai ne bos ɗin da ya taɓa hana ni barci kwana uku.

Sunan gem ɗin 'Metal Gear Solid'. Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a 1998 don na'urar PlayStation ta farko, a faifai biyu, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 6 a duniya. Wanda ya tsara shi, Hideo Kojima, mutumin fim ne da ya ɓace hanya ya faɗa harkar gem. Tun ya na yaro burin sa ya zama darakta, sai ya samu kan sa a Konami a 1986. Shi ya sa in ka kunna wasan sai ka ga sunayen ma'aikata su na fitowa a kan hoto kamar farkon fim. Hatta sunan jarumin, Solid Snake, daga Snake Plissken aka aro shi, wato rawar da Kurt Russell ya taka a 'Escape from New York' na John Carpenter, 1981. Shi kuma David Hayter da ya yi muryar Snake da Turanci, shi ne ya rubuta fim ɗin 'X-Men' na shekarar 2000. Kun ga ashe ba mu bar gida ba.

Labarin a taƙaice: wasu sojojin musamman sun yi tawaye, sun ƙwace wani tsibiri mai suna Shadow Moses a yankin Alaska, inda ake ƙera wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙafa biyu wanda zai iya harba makamin nukiliya. Aka tura Snake shi kaɗai, ba bindiga ba wuƙa, sai sigari da wata 'yar rediyo a cikin kunne. Aikin ka shi ne ka yi sanɗa, ka laɓe, har cikin kwali ka na iya ɓuya. Kusan kowane daga cikin manyan 'yan tawayen bos ne mai zaman kan sa.

Ni a 2003 na haɗu da shi, a wani gidan gem da ke bayan layin mu a Kano. Talbijin huɗu, benci biyu, da janareto mai tari. Kowa ƙwallo ya ke bugawa ko dambe, shi wannan faifan ya na can ƙasan kwali ba mai taɓa shi, don yara sun ce surutu ya yi masa yawa.

Tun kafin in kai ga Mantis ma sai da gem ɗin ya ba ni kunya. Akwai wurin da dole ka kira wata yarinya soja mai suna Meryl a rediyo, kuma sai a ce maka lambar ta na nan a bayan kwalin faifai. Na zazzage duk kayan da Snake ke ɗauke da su, ban ga kwali ba. Ashe kwalin gaske ake nufi, wanda ake sayar da faifan a ciki! Akwai ɗan hoto a bayan sa mai ɗauke da lambar, 140.15. Mu kuwa faifan mu na kwafi ne, a leda ya zo, an rubuta sunan sa da maka. Sai da na yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman tashar Hausa a gajeren zango. 'Yan industiri da su ka yi zamanin kaset, lokacin da furodusa ke buga kwali ya kai wa 'yan kasuwa, sun san cewa kwali shi ne fim. Ashe har a Japan an san darajar sa.

To, mu je ga mutumin.

Za ka shiga ofishin kwamanda tare da Meryl. Ofis ne na alfarma, ga hotuna a bango, ga kujeru, ga gumaka. Sai yarinya ta canza murya, ta ɗaga bindiga ta auna ka. An shiga kan ta, kamar mai iska. Ba halin ka harbe ta, don in ta mutu wasa ya ƙare. Sai dai ka sumar da ita da naushi ko da gurneti mai sumarwa. Ta na faɗuwa sai ga shi ya bayyana a sama, ƙafar sa ba ta taɓa ƙasa: siriri kamar kara, baƙaƙen kaya na fata, fuska a rufe da takunkumin kare guba, ya na numfashi kamar mai asma.

A nan ne abin ya sha bamban da duk wani bos da na sani. Mantis bai tsaya kan Snake ba, sai ya juyo kan ka, kai mai riƙe da fad. Zai ce bari ya karanta zuciyar ka. Abin da ya ke yi a zahiri shi ne leƙa memorin da ke jikin na'urar. In ba ka yawan ajiye wasan ka, zai ce kai mai ganganci ne. In ka na yawan ajiyewa, ya ce kai mai taka-tsantsan ne. In ya tarar da wani wasan Konami a ciki, irin su 'Castlevania' ko 'Suikoden', sai ya ambaci sunan sa, ya ce ai ya san ka na son sa. Daga nan ya ce ka ajiye fad ɗin a ƙasa, zai motsa shi da ƙarfin zuciya. Na ajiye a kan siminti ina dariya. Wallahi sai ga fad ya na karkarwa ya na ja da kan sa! Ba komai ba ne illa 'yan injinan girgiza da ke cikin fad ɗin DualShock, amma wani yaro da ke bayan mu sai da ya yi a'uziyya ya ja da baya.

Ana fara faɗan kuma sai talbijin ta yi baƙi ƙirin, wasu korayen haruffa su ka fito a kusurwar sama. Mai shago ya zabura, a zaton sa wani ya taka waya ko an ɗauke wuta. Sai da mu ka duba da kyau mu ka ga ba VIDEO aka rubuta ba, HIDEO ne, sunan Kojima. Darakta ya shigo fim ɗin sa ya yi mana gwalo ya fita.

Faɗan kan sa kuwa azaba ne. Ka harba, ya goce tun kafin harsashi ya fita. Ka kai naushi, ka naushi iska. Ya ɓace, ya ɓullo ta bayan ka. Ya tayar da kujeru su na zagaye ɗaki, ya ciro hotunan bango ya jefe ka da su, tukwanen ado su biyo baya. Jinin ka na raguwa, nasa ya na nan kamar an zana. Ranar farko na mutu har na daina ƙirga. Rana ta biyu na zo da dabara: na saka tabarau mai ganin ɗumin jiki, wanda ke nuna shi ko ya ɓace, na kuma gane cewa in ka kwanta rub-da-ciki yawancin kayan da ya ke jifa za su wuce ta saman ka. Hakan ya ƙara mani tsawon rai, amma bai rage masa komai ba. Kuɗin da na ware na ɗinkin takalmi duk a nan su ka tafi, kuma yaran da da farko ke tausaya mani su ka koma yi mani dariya a fili.

Laifi na ne, ba na kowa ba. Duk lokacin da rediyon Snake ta buɗe aka fara magana, sai in danna in wuce, don ni faɗa na zo yi, ba sauraren Turanci ba. Daidai da halin 'yan kallon mu da ke tura fim gaba su na neman waƙa, sannan a ƙarshe su ce ba su gane labarin ba.

A rana ta uku wani ɗan sakandare da ke jiran layi ya gaji da ni. Ya ce, "Yaya, don Allah ka bar tsohon nan ya yi magana mana. Tun jiya ka ke katse shi." Tsohon shi ne Kanar Campbell, mai ba Snake umarni a lamba 140.85. Na ce to, ƙane na, ga shi nan. Mu ka yi ta kiran sa mu na karanta rubutun da ke ƙasa a hankali. Can sai Kanar ya fasa ƙwai: ya ce a cire fad daga rami na farko a mayar da shi rami na biyu, ta nan Mantis ba zai iya karanta motsin ka ba.

Na kalli yaro, yaro ya kalle ni. Kwana uku ina neman makami a cikin talbijin, ashe makamin ya na gaban gwiwa ta. Na tashi daga benci, na tsuguna, na zare waya na soka a ɗaya ramin.

Harbin farko ya same shi. Sai ga bos ya rikice, ya na kururuwar ya kasa karanta ni. Gidan gem ya ɗauki sowa, masu ƙwallo su ka ajiye wasan su su ka zagaye mu. Amma kada wani ya ɗauka daga nan shi ke nan. Da ya ga jinin sa na tafiya sai ya sake tayar da Meryl ta harbe ni. Da hakan bai yi ba, sai ya sa ta ɗora bindiga a kan ta. Nan fa dole ka bar shi, ka ruga ka sumar da ita kafin ta danna. Hannu na har zufa ya ke. Na lallaɓa da ƙaramar bindiga, harbi ɗaya in kwanta, harbi ɗaya in kwanta, har ya faɗo ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na kawo shi wannan shafi. Snake ya cire masa takunkumi, sai ga fuska duk tabo da ɗinki. Ya na gargara ya ba da labarin sa: a wani ƙauye a Rasha aka haife shi, uwar sa ta rasu wajen haihuwar sa. Zuciyar da ya fara karantawa a duniya ita ce ta mahaifin sa, kuma abin da ya gani a ciki ƙiyayyar sa ce tsantsa. Tsoro ya sa ya ƙone ƙauyen. Takunkumin ma ba don ado ya ke saka shi ba, don ya toshe tunanin mutane ne da ke kwarara cikin kan sa. Ya roƙi a mayar masa da shi ya mutu shi kaɗai da zuciyar sa, sannan ya buɗe masu wata ɓoyayyar hanya a bayan kantar littattafai, ya ce wannan ne karo na farko da ya yi amfani da baiwar sa ya taimaki wani. Yaran da ke sowa ɗazu duk su ka yi jugum.

Yanzu marubutan mu, don Allah mu faɗa wa juna gaskiya. Mugu a yawancin finafinan mu, me ya mayar da shi mugu? Kishiya muguwa ce don kishiya ce. Alhaji azzalumi ne don ya na da kuɗi. Ɗan daba ya zare ido ya yi dariyar ƙeta, shi ke nan an gama gina shi. Mu na da 'yan wasan da Allah ya hore wa kwarjinin fitowa a bos, Shu'aibu Lawan Kumurci ma kaɗai ya isa misali, amma sau nawa ake rubuta masu dalili? Sannan ta ina jarumi ke yin galaba? Mafi yawa sai saura minti biyar fim ya ƙare, mota ta kaɗe mugu, ko asiri ya karye haka kawai, ko 'yan sanda su diro. Shi kuwa Mantis, inda ƙarfin sa ya ke nan raunin sa ya ke: duk tasirin sa ya dogara ne kan sanin abin da za ka yi, ranar da ka toshe masa wannan ƙofar ya zama ramammen mutum mai numfashi da ƙyar. Kuma tun farko an nuna maka alama: ya taɓa memorin ka, ya taɓa fad ɗin ka, ya taɓa talbijin ɗin ka. Sau uku ana gaya maka cewa faɗan ya fito waje. Wannan ba aikin kuɗi ba ne balle a ce kasafin mu bai kai ba, aikin zama ne da biro.

Ga masu son gwadawa, wasan ya sake fitowa a 2023 cikin tarin 'Master Collection', inda ake sauya ramin ta cikin menu tunda na'urorin yanzu ba su da ramukan. A gani na an rage masa gishiri, don daɗin abin shi ne tashin nan daga benci. Shi kan sa Kojima ya yi wa abin ba'a a 'Metal Gear Solid 4' na 2008, inda fatalwar Mantis ta dawo za ta karanta memori, ta tarar PlayStation 3 ba ta amfani da shi.

Saura kaɗan in manta. Da na miƙe a ranar ina ta washe baki, na miƙa wa mai shago kuɗin sa, sai ya ƙi karɓa. Ya ce, "Malam, ai da saura." Na ce na me? Ya nuna na'ura ya ce, "Rami biyu ka yi amfani da su. Kuɗin mutum biyu ne." Na biya, na kuma saya wa ɗan sakandaren nan lemo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.