Uwar 'Ya'ya Huɗu Da Littafin Aku

 

Makon jiya na sami takarda daga wata 'yar'uwarmu ta nan cikin garin Birnin Gwari. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, na kuwa karɓi roƙonta. Matar aure ce, 'ya'yanta huɗu. Ba a sa ta makaranta tana yarinya ba, sai bayan haihuwarta ta uku ta shiga ajin yaƙi da jahilci, da ƙyar da jiɓin goshi ta kai ga haɗa baƙi. To, 'yarta ta fari ta zo gida daga makaranta da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Ran nan yarinya ta tafi ɗiban ruwa, sai uwar ta ɗauka don ta gwada ko karatun nata yana nan. Ashe aiki ta ɗauko wa kanta, ta kasa ajiyewa. Uwar mijinta ta tarar da ita bakin murhu tana dariya ita kaɗai, ta ce, "Af! Ashe ƙuruciya dawowa ta ke yi? Ke da 'ya'ya huɗu kina karatun tatsuniyar aku?" Kafin la'asar kishiya ta kai labari maƙwabta. Tun daga ran nan ba ta sake buɗe shi ba, ga shi kuwa ta tsaya a tsakiyar labari. Tambayarta ita ce, "Malama, abin kunya ne babba ya ji daɗin littafin yara?"

'Yar'uwa, ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Ɗauko littafinki ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Da farko ma, in kin sami hali ki tambayi Inna cikin ladabi, wa ya ke yi wa jikoki tatsuniya da dare in ba ita ba? Ku duba fuskar tsohuwa sa'ad da ta kai inda Gizo ya yi wa kura wayo, ko inda Ƙoƙi ta kama shi da ƙarya. Ita ke fara ƙyalƙyalewa kafin yara. Ta faɗi wannan tatsuniya ya fi sau ɗari, ba ta gaji ba, ba kuwa wanda ya taɓa cewa ƙuruciya ta dawo mata. Abin da ya bambanta ku shi ne tata a ka ta ke, taki a takarda.

Wanda ya rubuta littafin ma maƙwabcinmu ne. In kun bi hanyar Tegina kuka wuce Pandogari, sai Kagara, can aka haifi Alhaji Abubakar Imam cikin 1911. Malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda aka buga cikin 1934. Cikin 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, Dokta Rupert East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya zauna wata shida yana karantawa yana sake gina su da Hausa. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Gaskiya ne don 'yan makaranta aka yi shi. Amma ku lura, mutum ɗan shekara 25 ne ya rubuta, malami, ɗan malamai, wanda daga baya ya zama Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko cikin 1939. Irin wannan mutum ko don yara ya yi girki, ba ya rasa jefa abin da haƙorin manya ne kaɗai zai iya taunawa.

Kunyar nan kuma ba a kanmu aka fara ta ba. A Ingila akwai littattafan Harry Potter, guda 7, da suka fito daga 1997 zuwa 2007, labarin wani maraya ne da aka kai makarantar masu siddabaru. Don yara aka yi su, amma manya suka faɗa musu, har cikin 1998 masu ɗab'i suka sake fitar da na farko da wani bango marar zane-zanen yara, domin magidanci ya karanta cikin jirgin ƙasa ba tare da ya ji nauyi ba. Ko harafi ɗaya ba a sake a ciki ba, riga kawai aka canja masa. Ni dai abin dariya ya ke ba ni. In riga ce magani, 'yar'uwa, sami tsohuwar jarida ki naɗe naki.

Amma ga zancen da na fi so ku ji, gama a jikina na gan shi. Na fara karanta littafin nan ina 'yar shekara goma sha ɗaya. A lokacin, in na zo inda aku ke magana da Musa ɗan sarki, tsallakewa na kan yi in faɗa cikin labari na gaba. A ganina surutu ne kawai da aka sa don a raba labari da labari.

Ga waɗanda suka manta, ga yadda abin ya ke. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida, ya ba aku amanarsa. Waziri kuwa sarauta ya ke so, ya shirya mutanensa a waje suna jiran yaro ya fito su hallaka shi. Kullum dare Musa ya kan yi shiri ya zo wurin aku neman izinin ya bi su wurin yaƙi. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin da zai riƙe ɗan sarki, ba shi da ko hannu. Baki kaɗai gare shi. Sai ya ɗauko labari, ya yi ta ja, har gari ya waye ba a fita ba. Gobe kuma haka.

Ban san na karanta wannan ba sai ƙarshen 2021, sa'ad da gwamnati ta sa aka katse layin waya a ƙasarmu saboda 'yan bindiga. Kun tuna yadda muka zauna. Dajin Kamuku da iyayenmu ke ba mu labarin giwayensa ya zama wurin da ba a ambatarsa da ƙarfi. A farkon shekarar nan aka kwashi ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara, garin shi mai littafin. Wanda ya kama hanyar Kaduna, ba a sakin zuciya sai an ji ya wuce Buruku, ga shi kuma ba wayar da za a ji. Na dawo hutu daga kwalejin horon malamai na tarar da ƙanena, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ya ƙi zama. Masararmu ta isa girbi a gona mai nisa, shi kuwa ya rantse da asuba zai fita da abokansa su kwaso ta. Baba ba shi da lafiya. Innarmu ba ta iya yi masa tsawa, ya fi ta tsawo. Yau ta ce ya gyara mata danga, gobe ta ce ƙirjinta na ciwo ya tsaya kusa, jibi ta zaunar da shi tana ba shi tarihin kakanninsa har rana ta take.

Da dare ba abin yi, sai na ɗauko tsohon littafin nan ina karanta wa ƙannena a tsakar gida da 'yar fitila. Wannan karo ban tsallake kome ba. Innarmu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta ji. A dare na uku, da na kai inda gari ya sake waye wa Musa bai fita ba, sai ta ajiye ƙwarya ta ce, "Wannan tsuntsu ya san zafin haihuwa." Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ni kuwa muryata ta ƙi fita, sai da na sha ruwa. Yara suna ta cewa in ci gaba, su labarin dabbobi su ke jira. A tabarma ɗaya mu ke, littafi ɗaya a ke karantawa, amma abin da Inna ta ji daban, abin da suka ji daban. Masarar dai rabinta muka samu. Ƙanena yana nan, ya yi aure bara. Cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan aka yi sulhu aka buɗe kasuwar shanu, Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Kada ku ce duk abin kuka ne. Ku nemi labarin Kalala da Kalalatu. Kalala makwaɗaici ne mai bin akushin mutane. Ran da ya yi baƙo ya kawo kaji biyu a soya, matar ta yi ta ɗanɗanawa har ta cinye, sa'an nan ta tsorata baƙon da ƙarar wuƙar da miji ke wasawa, ta juyo ta ce wa miji baƙo ya gudu da kaji. Yarinya dariyar tseren ta kan yi. Amma wadda ta taɓa tsayawa kan kasko tana soya naman da ta san ƙashi kaɗai zai dawo mata, ita ta san abin da ya kai hannun Kalalatu cikin mai. Ban ce ku yi koyi da ita ba fa! Masana sun ce asalin labarin daga tatsuniyoyin Jamus ya ke, amma wallahi in ba a gaya miki ba, sai ki rantse a bayan gidanku aka yi.

Akwai kuma abin da ban so a ciki, babba ce kaɗai za ta gan shi. Mata da yawa cikin labaran nan makirci a ke ba su, musamman tsofaffi. Waɗansu wurare kuma a kan yi wa baƙauye ba'a, ko baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Mu da mu ke zaune da Gwari da Kamuku da Fulani, muka kuma ga abin da raini ke haifarwa, bai kamata mu bar yaro ya haɗiye wannan ba tare da an tsaya an ce masa, "Wannan wasa ne na wancan zamani, kada in ji shi a bakinka." Uwar da ba ta karanta ba, yaya za ta san inda za ta tsaya?

Ku kuma 'yan makaranta, ina jin ku. Da yarinya ta shiga aji huɗu sai ta ce ta wuce littafin aku, sai na soyayya. Ban hana ba. Amma cikin masu faɗin haka, da na tambaya, kaɗan ne suka kai littafi na biyu inda aku ya kara da Haziƙ, balle na uku inda ya ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Ku gama tukuna.

'Yar'uwa mai takarda, abin da ya fi damuna game da ke shi ne wannan. Karatun da aka koya da girma ɗanyen shuka ne. Na ga mata a ajinmu na yamma waɗanda suka karɓi takardar shaida, bayan shekara biyu suka dawo ba su iya karanta katin asibiti, don ba su sami abin da zai ja su su riƙa buɗe littafi ba. Ke kin samu. Kada ki yar da shi don maganar tsakar gida.

Ga dabara. Kada ki yi gardama da Inna, kada kuma ki ɓuya. Ki tabbata tuwo ya sauka a kan lokaci, kada a sami abin kamawa. Bayan sallar lisha ki shimfiɗa tabarma kusa da ƙofar ɗakinta, ki tara yara, ki ce 'yarki ta karanta shafi ɗaya ke ki karanta ɗaya. In kin yi tuntuɓe ta gyara miki, ba kome. Ki ɗaga murya kaɗan. In kin kai inda labari ya yi daɗi, sai ki rufe ki ce dare ya yi, sai gobe. Ki rubuto mini wanda ya fara cewa a ƙara shafi ɗaya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi zancen yaye da kunun da ya dace da shi. Ku huta lafiya.