Ajin Turanci da Lafiyar Tsofaffin Hisfanik a Amurka

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta nuna cewa akwai mutum fiye da miliyan 62 a Amurka waɗanda ake kira Hisfanik, wato masu asali da ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci, irin su Meziko da Kuba. Daga cikinsu akwai tsofaffin da suka shiga ƙasar ƙwadagon gona a ƙarƙashin yarjejeniyar Bracero ta 1942 zuwa 1964, da waɗanda suka baro Kuba bayan juyin juya halin 1959. Da yawansu sun ƙare ƙuruciyarsu a gonaki da masana'antu cikin 'yan uwansu, ba su sami sukunin koyon Turanci ba. Sai da tsufa ya kai su gaban likita buƙatar harshen ta zame musu tilas.

Rashin jin Turanci a asibiti abu ne da kan taɓa rai. Kalmar “once” da ake rubutawa a jikin kwalbar magani tana nufin sau ɗaya a Turanci, amma a Sifaniyanci ma'anarta goma sha ɗaya ce. Ga shi kuwa ciwon suga ya fi yawa a cikin wannan al'umma a kan fararen fatar da ba Hisfanik ba, kuma ciwo ne da ke buƙatar auna jini da kiyaye abinci da shan magani a kan ƙa'ida kullum. Idan aka sa jika ya zama tafinta, kunya kan hana kaka faɗin ainihin abin da ke damunta, shi kuma yaron bai san kalmomin likitanci ba.

Saboda haka shirye-shiryen da suka fi cancantar yabo su ne waɗanda suka haɗa karatu da lafiya wuri guda. A birnin San Diyego na jihar Kalifoniya an fara shirin Project Dulce a 1997, inda ake horar da 'yan unguwa, waɗanda ake kira promotoras, su koya wa maƙwabtansu sarrafa ciwon suga cikin harshensu. Haka kuma Jami'ar Temple ta birnin Filadelfiya ta fito da shirin SHINE, wanda ya riƙa tura ɗalibai su koya wa tsofaffin baƙi Turanci, har da na ganin likita. Sirrin nasarar irin wannan aiki shi ne an fara daga buƙatar tsoho. Takardar magani da fom ɗin inshorar Medicare, wadda ake shiga a shekara 65, su suka fi dacewa su zama littafin karatu, Sifaniyanci kuma ya zama tsanin hawa zuwa Turanci.

Masu suka na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gara a kashe kuɗin a kan yara. Suna ƙarawa da cewa dokar Amurka kanta ta ɗauke wa tsofaffi jarrabawar Turanci wajen neman zama ɗan ƙasa, idan mutum ya kai shekara 50 ya kuma yi shekara 20 da takardar zama na dindindin, ko shekara 55 da zaman shekara 15. Sai dai sassaucin doka ba ya karanta wa tsoho kwalbar magani. Ba kuma ƙwarewar ɗan jami'a ake nema gare shi ba. Ya isa ya iya faɗin inda ke masa ciwo, ya karanta adadin ƙwaya da lokacin sha, ya kuma iya cewa bai gane ba, a kira masa tafinta. Gemu ba ya hana wannan ilimi.

Duk da haka, aji ba ya maye gurbin ƙwararren tafinta. A shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin hukumomin tarayya su sauƙaƙa hidima ga masu ƙarancin Turanci. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya soke wannan umarni, ya ayyana Turanci harshen hukuma. Wannan ya ƙara wa majami'u da ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi nauyi, ya kuma sa wajibi ne su koya wa tsoho haƙƙinsa tare da harshen.

Darasin da ke nan ga mai shirin zama malami shi ne cewa babba ba ya zama a aji don gwaji ko takardar shaida. Yana zuwa ne da wata matsala da ke jiran warwarewa a ranar. Malamin da ya girmama furfurarsa, ya yi amfani da harshensa na gado, ya kuma ɗauko darasi daga rayuwarsa, shi zai ga ɗalibinsa ya dawo gobe.