Taron Tsintsiya Ba Shara

'Yan'uwa malamai, lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya game da yadda muke yanke shawara, ko a taron malamai, ko a kwamitin gudanar da makaranta, ko a zaman shugabannin reshenmu.

Tsarin kwamitin gudanar da makaranta bai bar kowa a baya ba: akwai shugaban makaranta, da wakilan malamai, da mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da wakilan mata, da masu sana'a, har da ɗalibai. An tara su ne domin kowa yana hango abin da ɗan'uwansa bai hango ba. To amma me muke gani? Shugaba ya buɗe taro da ra'ayinsa, dattijo ya ce "haka ne", saura su gyaɗa kai. Sai magatakarda ya rubuta cewa an amince baki ɗaya, cikin Turancin da rabin mahalarta ba sa karantawa.

Abin da wannan ke jawowa a fili yake. Malamar aji shida ta san abin da ke sa 'yan mata tafiya gida lokacin tara ba su dawo ba: makewayi ba ƙofa. Kunya ta hana ta furtawa a gaban mai unguwa, sai kuɗin gyara ya tafi ga fentin ofis. Wakilin ruga ya san watannin da yara ke bin shanu, amma kafin ya gama tsara maganarsa, mai kaifin baki ya katse shi. Malamin da ya zo daga wata jiha yana magana kai tsaye, a ce ba shi da ladabi. Wanda ya lulluɓe tasa cikin karin magana, a ce bai ce komai ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce girmama manya al'adarmu ce. Haka ne, amma babban da ya saurari na ƙasa girmansa bai ragu ba. Za a ce taro zai yi tsawo. Ƙarin minti 30 ya fi zango guda ana gyaran kuskure.

Saboda haka muna kira: shugaba ya zama na ƙarshen faɗin ra'ayi, a fara da ƙarami. A yi taro da harshen da kowa ke ji. Mata su yi zamansu tukuna, wakiliyarsu ta kawo matsayarsu a rubuce. A daina sa taro dab da magariba. Wanda bai amince ba, a rubuta dalilinsa.

Tun 1931 aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya domin a ji muryar malami. Da wane baki za mu nemi gwamnati ta saurare mu kan albashi da ƙarin girma, idan mutum goma a ɗaki ɗaya ba sa sauraron juna?