Sai Abu Ya Rushe Sannan Mu San Namu Ne?

 Maganar yau ba ta da daɗi, amma sai mun yi ta, don laifin ya shafe mu duka.

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin da ke tsaye tun ƙarni na 19. Nan da nan bidiyon ya zagaya kowace salula. Kowa ya tura, kowa ya rubuta innalillahi, kowa ya ce an yi asarar tarihi. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in aka cire mutanen Birni da ke salla cikinsa, mu nawa muka taɓa taka ƙafa muka je muka gan shi yana tsaye? Mun san shi ranar da ya faɗi. Ihu bayan hari ke nan.

Kuma halin ba sabo ba ne. Ku tuna itacen Tenere, bishiya ɗaya tal a tsakiyar hamada wadda ayarin gishiri ke gane hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi, sannan aka ɗauko gawarta aka kai muze na Yamai aka yi mata rumfa. Haka muke. Mun iya zaman makoki, jinya ce ba mu iya ba.

Tushen cutar ɗaya ne. An daɗe da sa mana a kai cewa yawon buɗe ido aikin nasara ne: ya sauko daga jirgi da hula da kyamara, a kai shi Agadas, ya ɗauki hoto, ya ba yara biro. Mu kuwa in aka ga ɗayanmu tsaye yana kallon tsohon bango, sai a ce ba shi da aikin yi. To ga shi yanzu nasaran ba sa zuwa. Tun harin Kure na ranar 9 ga watan Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, ƙafarsu ta ɗauke, abin da ya biyo baya kuma kowa ya sani. In wuraren nan baƙo suke jira, za su zube yana hanya. Mai ziyarar da ya rage mu ne.

Bari mu ɗan zaga, don kada wani ya ce ba abin gani.

Mu fara da Damagaram. Fadar Sarki tana nan, ginin tsakiyar ƙarni na 19, da zauruka da dogarai cikin kayansu masu ja. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka ɗaukaka ganuwar Birni, har igwa ake ƙerawa a garin. A nan aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, shekara ta zagayo aka gwabza a Tirmini. Damagaram ce babban birnin ƙasar ga har 1926, lokacin da aka maida shi Yamai. Ka shiga lungunan Birni da Zango ka ɗaga kai, ka ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, da zankwaye, da bakan gizo na cikin soraye. Garin yana da gidan tarihinsa na jaha. Mu nawa muka san launin ƙofarsa? Mirya tana nan kusa da tukwanenta. Cikin jahar dai akwai Kufan Kanawa, kangon birni mai ganuwar duwatsu, wanda labarin baka ke cewa daga nan wasu mutanen Kano suka tashi. Masu binciken ƙasa sun zo tun daga Turai sun tona, sun rubuta. Ɗan Damagaram da ya gama jami'a kuwa sai ka faɗa masa sunan ya ce a ina ne.

A kan hanyar Damagaram zuwa Tasawa akwai Maijirgi. Nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, mutanen da suka ratsa ƙasar ga a 1899 suna ƙona garuruwa, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, daga baya sojojinsu suka juya musu baki suka harbe su a watan Yuli na shekarar. Kullum motocinmu na wucewa a guje, muna barci ko muna danna waya. Yau kowa na maganar ƴancin kai da mulkin mallaka a Facebook. Madalla. Amma yaron da aka tsayar a gaban kabarin nan aka ba shi labari na rabin awa ya fi wanda ya haddace taken zanga-zanga goma sanin abin da ake faɗa.

Maradi fa? Ana ce mana garin kasuwa ne, ba shi da tarihi. Haba! Garin da Katsinawa suka maida gidan sarautarsu a farkon ƙarni na 19 bayan sun baro Birnin Katsina, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri nan kusa? Tsohon garin ma a cikin fadama yake, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau tudu. Tsofaffin da suka ga wannan da idonsu sun kusa ƙarewa, wa ya ɗauki muryarsu? Ga tafkin Madarumfa da tsuntsayensa da kaburburan waliyyai 99 da ake ambata a kewayensa. Ga Birnin Lalle wajen Dakwaro, tsohon mazaunin Gobirawa. Ga dajin Gadabeji, inda aka kawo raƙuman dawa daga Kure a 2018. Su raƙuman nan ma darasi ne: a 1996 ba su kai 50 ba, da aka kula da su sai da suka haura 600. Abin da aka yi wa jinya yana tashi.

Wanda ya fi ba mu kunya shi ne na jahar Tawa. A ƙauyen Yama akwai masallacin Juma'a na ƙasa da wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara ginawa a 1962. Mutanen gari ne suka yi aikin gayya, wannan ya buga tubali, wancan ya kawo ruwa, wani ya kawo itace. Daga baya aka ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da kamarta. A 1986 aka ba shi kyautar Aga Khan ta gine-gine, kyautar da manyan injiniyoyin duniya ke mafarki. Ɗaliban zanen gini a ƙasashen waje sun san hoton Yama. Mu kuwa da mun samu kuɗi sai mu rushe soron kakanmu mu dasa akwatin siminti da kwano, watan Afrilu ya zo mu kasa kwana ciki, mu fito tsakar gida da tabarma muna zagin wuta.

Wajen Dogon Dutsi akwai Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Voulet a watan Afrilu 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sunanta na kan shaguna da makarantu, amma garin nata mutum nawa ya san hanyarsa? A Doso akwai fadar Zarmakwai da gidan tarihi na jaha.

Yamai kuma kowa zai ce ya san muze, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama. Gaskiya ne, ranar Salla ba masaka tsinke. Amma me muke zuwa gani? Zaki da kura da dorina, mu sha lemo mu koma. Ɗakunan tufafin gargajiya, ƙasusuwan manyan dabbobin da can da aka tono a hamadar Gadufawa, samfurin gidajen ƙabilunmu, duk sai mu wuce su kamar bangon maƙwabci. Kayan kiɗan gargajiya da aka tara a cibiyar Alhaji Taya, da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, waɗannan ma ba a maganarsu.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mutum na neman tiyar hatsi, wa ke ta tsohon bango? Wallahi yunwa gaskiya ce, kuma ba da wanda bai ci ba muke. Da mu muke, masu kuɗin kiredi kullum, masu fadar da shayi ba ya yankewa, masu ɗinka anko uku a biki ɗaya. Kuma jikar da aka kashe a wurin tarihi ba iska take bi ba. Tana shiga aljihun ɗan kabu-kabu, da mai tuwo, da dukawa da maƙera masu sayar da aikin hannu, da maginin da zai yi yaɓe.

Za a ce hanya ba lafiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. Inda hukuma ta hana, a bari. Inda ƴan bindiga ke yawo, a jira. Amma wane ɗan bindiga ne ya hana ɗan Zango shiga Birni, ko ɗan Maradi zuwa ƙofar fada?

Za a kuma ce wasu wuraren na arna ne, zuwa can shirka ce. Wanda ya je neman biyan buƙata wurin dutse ko kabari, tsakaninsa da malamai. Amma zuwa don sani daban ne, kuma malaman da kansu suna karantar da mu cewa duba kufan mutanen da wa'azi ne. Sannan wanne ya faɗi a Birni? Masallaci ne. Takardun da gara ke ci a cikin gafaka a gidajenmu kuma rubutun malamai ne.

In mun ƙi, akwai masu so. Ku tambayi labarin Bura a jahar Tilaberi. An gano wurin a 1975, Bube Gado ya jagoranci tono a 1983, duniya ta ga mutum-mutumin yumɓu na ban mamaki, sai ɓarayi suka afka. Aka tone kufai aka loda kaya zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Gobe jikokinmu sai sun nemi biza kafin su ga aikin kakanninsu. Kada kuma mu ruɗi kanmu da UNESCO. Tun 2006 sunan Birnin Damagaram da Lugu da masallatan ƙasa na Tawa da tafkin Madarumfa ke cikin jerin masu jira. Agadas ta shiga a 2013. Takarda a Paris ba ta gyara indararo. Ginin ƙasa abin da yake so sananne ne: a duba shi kafin damina, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a sauya azarar da ta ruɓe, a buɗe wa ruwa hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba ya buƙatar tallafin kowace ƙasa.

Daraktocin lakwal da malaman islamiyya, kowane aji ya fita sau ɗaya a shekara zuwa wurin tarihi mafi kusa, ko da a ƙafa ne. Magadan gari, ku ware kuɗin yaɓe a kasafinku kafin ruwa ya sauka, ku kafa allo da Hausa da ajami da Faransanci a kowane wuri, don mai zuwa ya san abin da yake kallo. Masu kula da gidajen tarihi, ku buɗe ƙofa a ranakun da talaka ke da sarari, ku sa mai bayani da harshen da muke ji. Masu martaba sarakuna, ku kira sarakunan magina ku sa su ɗauki yara, don in tsofaffin nan suka tafi da sanin makuba da ɗaurin guga, ko an ba mu miliyoyi ba mai gyarawa. Alhazanmu masu gina masallatai, Allah ya saka, amma tsayar da tsohon da ke shirin faɗuwa shi ma sadaka ce mai gudana. Ku kuma samarin fada, ku haɗa kuɗin shayin mako ɗaya ku je ku gani, ku zauna da tsohon da ke wurin, ku ɗauki muryarsa a wayar nan da kuke kallon ƙwallo.

Kowa ya dubi garinsu, akwai bango ɗaya ko rijiya ko kufai da tsofaffi ke nunawa da baki. A fara da shi, kuma a fara kafin hadarin bana ya haɗo. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.